Shekara Nawa Suka Rage Bayan Ritaya? Lissafin Tsawon Rai da Ilimin Tsufa

Akwai wata hira da takan taso a ɗakin hutun malamai ko a majalisar unguwa bayan La'asar, musamman idan an ji wani ya ajiye aiki. Wani zai ce ai an ce matsakaicin tsawon ran ɗan Nijeriya bai wuce shekara 54 ba, alhali sai ma'aikaci ya cika 60 yake yin ritaya. To, wa zai ci fanshon? Wani ya amsa masa cewa ai kakansa ya shekara 130 yana zuwa gona da ƙafarsa. Na uku kuwa, wanda ɗansa ke yi wa wani kamfani aiki daga ɗaki ta kwamfuta, sai ya ce zamani ya zo da sauƙi, tun da yanzu mutum zai iya neman abinci yana zaune har tsufansa. Ajalin mutum guda ba abu ne da kimiyya ta sani ba. Amma idan aka tara mutane dubbai, akwai abin da lissafi da ilimin halittu za su iya faɗa a kansu, kuma abin da suke faɗa ya saɓa wa yawancin hirar nan.

Me ake nufi da matsakaicin tsawon rai?

Adadin shekara 54 ya fito ne daga ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023, kuma yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya; na Japan ya haura 84. Sai dai ba a nufin cewa mutum kan mutu idan ya kai 54. A ɗauka an haifi jarirai goma a wani ƙauye. Biyu suka rasu suna da shekara ɗaya ɗaya, ɗaya ya rasu yana ɗan shekara uku, sauran bakwai kuwa kowanne ya kai 75. Idan aka tara shekarunsu duka za a samu 530, in aka raba goma a samu 53. Matsakaicin tsawon ran mutanen ƙauyen 53 ke nan, amma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya mutu a wannan shekara ko kusa da ita.

Mutuwar ƙananan yara ce ke jawo adadin ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowaɗanne yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara biyar. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, ƙyanda da tamowa su ne manyan masu wannan ɓarna. Haka lamarin yake a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da matsakaicin ya tsaya kusan shekara 40, ga kuma tsofaffi masu furfura a kowane gari. Da aka samu tsabtataccen ruwan sha, magudanan ruwa da allurar rigakafi sai adadin ya yi sama, domin yaran da a da suke mutuwa sun daina mutuwa. Saboda haka malamin da ya riga ya kai shekara 60 ya daɗe da ƙetare siraɗin da ke rage wancan adadi, kuma kuskure ne babba ya tsara rayuwarsa a kan cewa kwanansa ya ƙare.

Dokar Gompertz

A 1825 wani masanin lissafi mai aiki da kamfanin inshora a Landan, Benjamin Gompertz, ya yi nazarin rajistar mace-mace, ya gano wani tsari da har yau ake amfani da shi. Daga wajen shekara 30, haɗarin mutuwar mutum cikin shekara guda yana ninkawa biyu kusan kowace shekara takwas. Alal misali, a ce cikin masu shekara 30 mutum ɗaya ne cikin dubu ke mutuwa a shekara. Cikin masu 38 za su zama biyu, masu 46 huɗu, masu 54 takwas, masu 62 goma sha shida. Kafin a kai 86 sun zama 128 cikin dubu. Ɗalibin da ya san jerin lissafi mai ninkawa zai gane shi nan take. Abin lura shi ne yadda adadin ke tafiya a hankali da farko, sa'annan ya yi tsalle daga baya. Wannan ne dalilin da ya sa masu shekara 70 ke da yawa, masu 90 kaɗan, masu 110 kuwa sai an tona.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Me ya sa haɗarin ke ninkawa? Wani ɓangare na amsar yana cikin ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da aka gina jiki da su. A 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead, a birnin Filadelfiya na Amurka, suka nuna cewa ƙwayoyin halittar ɗan'adam da aka rena a ɗakin gwaji ba sa rabuwa har abada. Sukan rabu kimanin sau 50, sa'annan su tsaya. Daga baya aka gane ɗaya daga cikin dalilan. A ƙarshen kowane kuromosom akwai wani yanki da ake kira telomiya, wanda aikinsa kamar na kalmasar da tela ke yi wa bakin zane ne don kada zaren ya warware. Duk lokacin da ƙwayar ta rabu, telomiyar kan ragu kaɗan, har ta gajarce, ƙwayar ta daina rabuwa. Bincike a kan wannan ne ya sa aka ba Elizabeth Blackburn, Carol Greider da Jack Szostak kyautar Nobel a 2009.

Amma kada ɗalibi ya ɗauka telomiya ce kaɗai sirrin tsufa, kamar yadda masu tallar magungunan "sabunta jini" ke so a yarda. Ɓeran ɗakin gwaji yana da telomiya da ta fi ta mutum tsawo, amma ba ya wuce shekara biyu zuwa uku. Tsufa taruwar ɓarna ce ta fuskoki da dama: kurakurai na taruwa a cikin DNA, jijiyoyin jini na ƙara tauri, garkuwar jiki na yin sanyi, ƙashi na yin sakayau. Tsoka ma tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma bayan mutum ya wuce 30, kuma raguwar na ƙara sauri bayan 60.

Gado fa? Wani bincike da aka buga a 1996 a kan tagwayen ƙasar Denmak da aka haifa tsakanin 1870 da 1900 ya nuna cewa kimanin rubu'i ne kawai na bambancin tsawon rai tsakanin mutane za a iya danganta shi ga ƙwayoyin gado. Saura na abinci ne, da muhalli, da sana'a, da cututtukan da mutum ya haɗu da su.

Masu shekara ɗari da talatin

Mafi tsawon rai da aka tabbatar da takardu shi ne na Jeanne Calment, wata mata 'yar garin Arles a Faransa, wadda aka haifa a 1875 ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Ba a tabbatar da wani da ya wuce ta ba. Kakan da aka ce ya kai 130 ba lallai ne jikokinsa ƙarya suke yi ba. An dai haife shi lokacin da ba a rubuta ranar haihuwa, ana ƙirga shekaru da sarautar wani sarki ko wata yunwa, kuma girmamawa kan ƙara wa tsoho shekaru. Ko ƙasashen da ke da rajista ba su tsira ba. A 2010 jami'an birnin Tokiyo suka je gidan wani dattijo da rajista ta nuna yana da shekara 111, sai suka tarar da gawarsa a ɗaki, ya yi kusan shekara 30 da mutuwa, iyalinsa kuma suna karɓar kuɗin fansho da sunansa. Da gwamnatin Japan ta bincika, sai ta ga sunayen mutane sama da 230,000 da ya kamata a ce sun haura shekara ɗari, amma ba a san inda suke ba. Yawancinsu sun daɗe da mutuwa ba a goge sunayensu ba ne kawai.

Fansho lissafin tsawon rai ne

Ita kanta Jeanne Calment ta bar wa masu lissafin fansho darasi. A 1965, tana da shekara 90, ta ƙulla yarjejeniya da wani lauya ɗan shekara 47 cewa zai riƙa biyanta faran 2,500 kowane wata har ta mutu, shi kuma ya gaji gidanta. Lauyan ya yi ta biya shekara talatin, ya rasu a 1995 ya bar ta da rai, matarsa ta ci gaba da biya. Abin da aka biya ya ninka kuɗin gidan. Lissafinsa bai ɓaci ba, kuskurensa shi ne ya ɗora shi a kan mutum guda. Asusun fansho yana tsayuwa ne domin ya tara dubban mutane, kuɗin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da wuri ya tallafi waɗanda suka daɗe.

Fansho na gwamnati ya fara ne a Jamus a 1889, zamanin Bismak, inda aka sa shekarar karɓa 70. A 1916 aka rage ta zuwa 65. A Nijeriya, kafin 2004 gwamnati ce ke biyan fansho da garatuti daga kasafin kuɗinta, bashi ya yi ta taruwa, tsofaffi na jerin gwano a rana. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta kawo tsarin karo-karo, inda kowane ma'aikaci ke da asusunsa. Dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Idan ya yi ritaya zai zaɓi ko dai a riƙa cira masa daga asusunsa wata-wata, ko ya sayi inshorar da za ta biya shi muddin ransa. Dukkan hanyoyin biyu an gina su ne a kan jadawalin mace-mace irin wanda Gompertz ya nazarta.

A 2012 aka mai da shekarar ritayar farfesoshi 70, a 2022 kuma aka sa hannu kan dokar da ta mai da ta malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ƙarin shekara biyar yana ƙara abin da aka tara, yana kuma rage shekarun da za a ci daga ciki. Abin da ba ya magancewa shi ne hauhawar farashi, wadda ke cin darajar naira fiye da yadda tsufa ke cin tsoka.

Aiki daga gida

Annobar korona ta 2020 ce ta sa aiki daga gida ya bazu a duniya, ko da yake a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne. Matan da ke yin ƙuli-ƙuli, fura, ɗinkin hula da saƙa a cikin gidajensu sun daɗe suna yinsa. Bambancin shi ne mai daka da mai tuya jikinsu na motsi, mai kwamfuta kuwa yatsunsa ne kawai ke aiki.

Muhimmancin wannan bambanci ya fito fili tun 1953, lokacin da likita Jeremy Morris ya buga sakamakon bincikensa a kan ma'aikatan sufuri na Landan kimanin 31,000. Ya kwatanta direbobin bas masu bene, waɗanda ke wuni a zaune, da kwandastoci, waɗanda ke hawa da sauka matakala 500 zuwa 750 a rana suna karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya suke ciki, iska ɗaya suke shaƙa, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi kashe su farat ɗaya. Ya sake ganin haka tsakanin masu rarraba wasiƙu a ƙafa ko a keke da akawuna masu zama a ofis. Shi kansa Morris ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99, ko da yake mutum ɗaya ba hujja ba ne, kamar yadda lauyan Arles ya gani.

Aikin gida yana da amfani na gaske ga wanda ya yi ritaya. Tsohon malami zai iya koyarwa ta intanet, ko fassara, ko gyaran rubutu, ba tare da shan hayaƙin hanya ko haɗarin babur ba, muddin akwai wuta da kuɗin data. Amma yana raba mutum da 'yar tafiyar da yake yi kullum zuwa wurin aiki da gaisawa da abokan aiki, kuma tsokar da ba a amfani da ita ta fi saurin zagwanyewa. Raunin tsokar cinya ne ke sa tsoho ya kasa tashi daga tabarma, ya faɗi a banɗaki, ya karye a ƙugu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Tafiyar minti 30 kwana biyar a mako ta cika mafi ƙarancin adadin. Wanda ya koma gona bayan ritaya yakan wuce shi tun kafin Laraba.

Aikin aji

Malami zai iya sa ɗalibai su sake lissafin jarirai goman nan, amma a wannan karon a ɗauka an ceci yara ukun da suka rasu, su ma sun kai 75, sa'annan su kwatanta amsoshin biyu. Bayan haka su zana jerin Gompertz a takardar giraf daga shekara 30 zuwa 94, su nemo shekarar da haɗarin ya fara wuce ɗaya cikin goma.