Daga Kano Zuwa Jidda: Nisa da Tsawon Tafiya a Jirgin Sama

Wani mai sauraronmu daga Jakusko a jihar Yobe yana tambaya: mene ne nisan Kano zuwa Jidda, kuma awa nawa jirgin alhazai yake yi?

To Malam, tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz akwai kimanin kilomita 3,400. Jirgin da bai yada zango ba yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar. Amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa jirage zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Sannan agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, sai maniyyaci ya gyara nasa saboda lokutan salla. Allah ya kira mu baki ɗaya.