Me Ya Sa Ganyen Ƙaramin Tsiro Ke Komawa Ruwan Ɗorawa?

A kowace shekara idan aka zo darasin tsirar iri, malamai kan sa ɗalibai su shuka wake ko masara ko tumatir a cikin gwangwanaye, a jera su a bakin tagar aji ko a ɗakin gwaje-gwaje. Makon farko komai lafiya lau. Amma kafin a cika mako uku sai a ga wasu ganyaye sun fara koɗewa, sun koma ruwan ɗorawa. Abin da akasarin ɗalibai ke yi a nan shi ne su ƙara ruwa, ko su barbaɗa takin zamani. Sau da yawa kuwa wannan taimakon ne ke ƙarasa tsiron. Dalili shi ne koɗewar ganye alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin ɗan Adam, kuma abubuwa da dama na iya haddasa ta.

Daga ina launin ke fitowa?

Abin da ke ba ganye launin kore wani sinadari ne da ake kira kulorofil, wanda da shi ne tsiro ke kama hasken rana ya haɗa abincinsa. A tsakiyar kowace ƙwayar kulorofil akwai ƙwayar zarra guda ta magnisiyam, kewaye da zarra huɗu na naitirojin. Wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Richard Willstätter, shi ya tabbatar da akwai magnisiyam a cikinta, kuma aikinsa a kan launukan tsirrai ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1915.

Shi kuwa launin ɗorawa ba daga waje yake zuwa ba. Yana nan cikin ganyen tun farko, a wasu sinadarai da ake kira karotinoyid, sai dai kore ya rufe shi. Ɗalibi na iya ganin haka da idonsa: a daka ɗanyen ganyen alayyafo da ɗan sifirit, a tace, sannan a tsayar da farin alli a cikin ruwan. Bayan ɗan lokaci ruwan zai hau allin, launukan su rabu, a ga kore daban, ɗorawa daban. Da garin sinadarin da ke cikin alli ne Mikhail Tsvet na ƙasar Rasha ya rarrabe waɗannan launuka a farkon ƙarni na 20. Ke nan idan ganye ya koɗe, ko dai tsiron ya kasa ƙera sabon kulorofil, ko kuma yana rushe wanda yake da shi.

Wane ganye ne ya fara?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa da yi.

Idan ganyaye biyun farko ne, wato waɗanda suka fito daga cikin ƙwayar irin, to babu abin damuwa. Su rumbun tsiron ne. A jikin wake ana ganinsu da kauri, sai su yi ta motsewa yayin da tsiron ke cinye abin da ke cikinsu, har su faɗi. Muddin ganyayen gaskiya da suka biyo baya kore ne shar, a ƙyale tsiron.

Idan kuwa ganyayen gaskiya ne, sai a duba: na ƙasa ne, tsofaffi, ko na sama, sababbi? Wasu sinadaran abincin tsiro, irin su naitirojin da magnisiyam da fotasiyam, tsiro na iya kwashe su daga wani sashe na jikinsa ya kai wani. Idan suka yi ƙaranci a ƙasa, sai ya rushe kulorofil ɗin tsohon ganye, ya aika da kayan zuwa ga toho mai tasowa. Shi ya sa alamar ƙarancinsu ke farawa daga ƙasa ta hau sama. Kowanne kuma da irin zanensa. Rashin naitirojin na koɗar da ganyen tumatir gaba ɗaya, har da jijiyoyinsa, tsiron kuma ya tsumbure. A masara koɗewar kan fara daga tsinin ganye ta bi tsakiyarsa kamar bakin mashi. Rashin magnisiyam na barin jijiyoyi kore, tsakaninsu ne ke komawa ɗorawa. Rashin fotasiyam kuwa gefen ganye yake ci, ya bar shi kamar an babbaka.

Sinadarin ƙarfe ba haka yake ba. Da zarar ya shiga ganye to ya zauna ke nan, tsiro ba ya iya janye shi. Don haka idan ya yi ƙaranci tsofaffin ganyaye na nan kore abinsu, sababbin ne ke fitowa fari-fari da siraran jijiyoyi kore kamar raga. Abin sha'awa a nan shi ne babu ƙarfe a cikin ƙwayar kulorofil, amma tsiro ba ya iya ƙera ta sai da shi. Tun a shekarun 1840 wani Bafaranshe mai suna Eusèbe Gris ya nuna cewa idan aka shafa ruwan gishirin ƙarfe a kan koɗaɗɗen ganye, wurin da aka shafa kan dawo kore.

Sai dai a nan akwai tarko. Da wuya a sami ƙasar da babu ƙarfe a cikinta. Jar ƙasar da ke ko'ina a yankinmu ma ƙarfe ne ya ba ta launinta. Matsalar ita ce idan ƙasa ta rasa tsami, ma'auninta na pH ya haura 7, sai ƙarfen ya ƙi narkewa, saiwa ta kasa shan sa. Tumatir ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, tsakanin 6 da 6.8. Wanda ya cika gwangwani da ƙasar juji mai yawan toka ya jawo wa tsironsa yunwar ƙarfe alhali ga ƙarfen nan jibge a gindinsa. Maganin wannan a sauya ƙasa.

Kafin a zargi abinci

A ganina, cikin tsirran da ake reno a ɗaki, waɗanda yawan ruwa ke koɗarwa sun fi waɗanda yunwa ke koɗarwa. Saiwa tana numfashi. Iskar oksijin da take buƙata tana cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma idan ruwa ya cike su sai saiwar ta shaƙe, ta daina shan komai. Daga nan ganyayen ƙasa su koɗe, su yi yaushi, tamkar dai naitirojin ne babu. A aji mai ɗalibai arba'in, kowa na son ya nuna ƙwazo, gwangwani guda na iya shan ruwa sau biyar a yini, ga shi kuma ba a huda gindinsa ba. A tura yatsa cikin ƙasar: idan tana da danshi, a bar ta. Idan ana shakka a juye tsiro guda a duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari. Ruɓaɓɓiya kuwa ta yi duhu, tana saɓulewa a hannu, wani lokaci har da wari.

Ƙarancin haske shi ma yana da tasa alamar, mai sauƙin ganewa: kara ya yi tsawo siriri, ya karkata wajen taga, tsiron duka ya yi fari-fari. Sannan a juya ganye a duba bayansa. Farin ƙuda, ɗan mitsitsin ƙwaron nan da manoman tumatir na Kadawa da Kura suka sani sarai, yana tsotsar ruwan ganye, yana kuma yaɗa cutar bairos da ke sa sababbin ganyaye su ƙanƙance, su naɗe sama, gefensu ya yi ɗorawa. Tsiron da ya kamu da ita ba ya warkewa. A tumɓuke shi kafin ya shafi saura.

Idan an tabbatar yunwa ce

Sai a yi hattara da hannu. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, saboda haka yana da ƙarfi ƙwarai. Idan ya yi yawa a ɗan ƙaramin gwangwani, ruwan da ke cikin ƙasa zai fi na cikin saiwa kauri, sai ruwa ya riƙa fita daga saiwar maimakon ya shiga, bisa ƙa'idar ozmosis da ɗalibai suka karanta. Bakin ganye ya ƙone, tsiro ya kwanta. Kada a barbaɗa ƙwayar taki a gindin ƙaramin tsiro. A narkar da kimanin rabin giram a lita 1 ta ruwa, a ba shi kaɗan, a jira mako guda.

Wajen duba sakamako kuma, kada a zuba ido ga ganyen da ya riga ya koɗe sosai, domin da wuya ya dawo. Launin ganyen da ya fito bayan an yi maganin shi za a duba. Yana da kyau malami ya sa a ware gwangwani guda da ba a yi masa komai ba, a ajiye shi kusa da sauran, a riƙa rubuta kwanan wata da lambar ganyen da ya sauya launi, ana ƙirgawa daga ƙasa.