Darasin Kasuwanci: Ƙaramin Injin Ɗab'i Na Hannu Da Yadda Aka Yi Cinikinsa

A watan Disamba na shekarar 1872, wata mujallar matasa ta ƙasar Amurka mai suna Youth's Companion ta buga wata 'yar gajeriyar talla daga wani saurayi mai suna William Kelsey, mazaunin garin Meriden da ke jihar Konetikat. Tallar ta sanar da cewa duk wanda ya aiko da dala 5 za a aika masa da injin ɗab'i wanda zai ɗora bisa tebur ya buga takardunsa da kansa. Daga wannan talla ce aka sami kamfanin da ya shafe fiye da shekara 100 yana ciniki, kuma akwai abin lura a tarihinsa ga duk ɗan kasuwar da ke sayar da inji ko wani kayan aiki.

A wancan zamani aikin ɗab'i yana hannun masu jari ne. Ko injin buga ƙananan ayyuka da ake takawa da ƙafa, irin wanda George Gordon ya yi suna da shi tun shekarun 1850, kuɗinsa ya haura dala 100, ga nauyi, ga buƙatar shago. Saboda haka mai kanti ko mai sayar da magani da ke son rasit, ko takardar liƙawa a kwalba, ko katin sunan shagonsa, dole ne ya je maɗaba'a ya bi layi, ya kuma biya kuɗin da ya fi ƙarfin ɗan aikin da yake so. Masu maɗaba'a kuwa ba su cika murna da aikin kati 50 ko 100 ba, domin wahalar jera haruffa ɗaya ce ko kwafi nawa za a buga. Wannan giɓi ne masu ƙera ƙananan injuna suka hango.

Kelsey ba shi ne na farko ba. Tun kafin shi, Benjamin Woods na birnin Boston yana sayar da wani ƙaramin inji mai suna Novelty, kuma a lokacin yaƙin basasar Amurka sojoji sun yi yawo da ƙananan injuna suna buga umarni da jaridun sansani. Abin da Kelsey ya fi su shi ne araha, da kuma sanin inda masu saye suke. Dala 5 ladan 'yan kwanaki ce ga ma'aikaci, kuma kuɗi ne da uba zai iya kashewa don ɗansa ya koyi sana'a. Don haka sai ya kai tallarsa mujallar da yara maza ke karantawa a cikin gidajen iyayensu.

Sai dai ya yi wani ganganci da bai kamata a yi koyi da shi ba. Ya buga tallar ne kafin ya tabbatar da cewa injin da ya zana yana aiki. Da aka zo gwaji sai ya tarar bugun bai fita yadda ake so ba, alhali kuwa odar jama'a ta fara shigowa. Ala tilas ya koma ya sake fasalin injin, inda a shekarar 1873 ya fito da samfurin da ya sa wa suna Excelsior. Ya tsira ne domin gyaran ya yi kyau kuma bai ɗauki lokaci ba. Da ya ƙara jinkiri, da kuɗin mutanen da ke hannunsa sun zama bashi, da kuma sunan kamfanin ya ɓaci tun bai tsaya da ƙafafunsa ba, musamman a irin cinikin da ake yi ta gidan waya, wanda mai saye bai taɓa ganin fuskar mai sayarwa ba.

Domin a fahimci inda ribar take, ya kamata a san yadda injin yake aiki. Kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da aka zuba daga haɗin da mafi yawansa dalma ce, kuma a juye yake kamar na hatimi. Mai bugu yana tsinto haruffan ɗaya bayan ɗaya daga akwati mai gida-gida, ya jera su layi-layi, sannan ya ɗaure su tamau a cikin wani firam na ƙarfe ya maƙala a jikin injin. Sai ya ajiye takarda a kan farantin da ke fuskantar haruffan, ya danna hannun injin, takardar ta manne da haruffan da aka shafa wa tawada. A samfurin farko da hannu ake shafa tawadar. Daga baya aka ƙara wani faifai a sama, da robobi masu gangarawa waɗanda ke ɗauko tawada daga faifan su bi ta kan haruffan duk lokacin da aka danna. Takarda ɗaya ake sakawa a cire a kowane danni, amma wanda hannunsa ya faɗa yana iya buga ɗaruruwa a cikin awa guda. Kamfanin ya riƙa ƙera injin a girma dabam-dabam, daga mai buga inci 3 da 5 har zuwa mai inci 9 da 13.

To, injin kansa zubin ƙarfe ne mai ƙarko, wanda ake saye sau ɗaya a yi shekaru ana mora, har a bar wa 'ya'ya. Kamfanin da ya dogara ga sayar da shi kaɗai zai wayi gari ya ga kasuwa ta ƙoshi. Amma injin ba ya buga komai sai da haruffa, kuma a wannan sana'a kowane girma da kowane salon rubutu jeri ne mai zaman kansa da ake saye dabam. Wanda ya sayi ƙananan haruffa don rasit zai nemi manya don kanun talla, sannan ya nemi masu ado don katin biki. Haruffan suna lalacewa da yawan danni. Wani lokaci kuma ana tsakar aiki sai wani harafi ya ƙare a akwati, aiki ya tsaya cak. Harafin da babu shi kuwa ba shi da dabara, abin da ya sa duk maɗaba'ar da ke buga Hausa ta wannan hanya sai ta tanadi ɓ da ɗ da ƙ na musamman. Bayan haruffa ga tawada, ga takarda, ga kati, ga ambulan, ga robobin da ke bushewa a sauya su. Duk waɗannan Kelsey ya zuba su a cikin kundin kayansa yana aikawa ta gidan waya. Ashe injin mai araha ƙofa ce kawai, wadda duk wanda ya shiga ta cikinta zai ci gaba da aiko da oda shekara da shekaru.

Wannan tsari yana da sharaɗi guda, wato mai saye ya iya aiki da abin da ya saya. Injin da aka jefa ƙarƙashin gado saboda bugu ya ƙi fita ba ya shan tawada, ba ya cin takarda. Shi ya sa kamfanin yake haɗa kowane inji da littafin koyarwa, daga baya kuma ya riƙa aika wa masu hulɗa da shi wata 'yar takarda mai suna The Printer's Helper, wadda ke bayanin yadda ake daidaita danni, da yadda ake yanka wa aiki farashi, da irin ayyukan da ake samu a kowane lokaci na shekara. A littafin lissafi wannan kashe kuɗi ne, amma shi ne ya riƙe kasuwar.

Masu manyan maɗaba'u ba su ji daɗin al'amarin ba. Sun yi ta kuka a mujallun sana'arsu cewa yara da 'yan koyo suna karya farashi suna kuma ɓata sunan sana'a da aiki maras kyau. Akwai gaskiya a kukan nasu, domin yaron da ke aiki a ɗakin gidansu ba ya biyan haya ko albashi. Duk da haka harkar ta bunƙasa har matasa masu buga ƙananan jaridu suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a birnin Filadelfiya a shekarar 1876.

An maimaita irin wannan ciniki a Ingila bayan shekara 50. Donald Aspinall, wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kafa kamfanin Adana a unguwar Twickenham a shekarar 1922, yana tallar ƙananan injuna a jaridu yana aikawa ta gidan waya, tare da haruffa da littafin koyarwa. Aspinall gwanin ƙira ne da talla, amma riƙon kuɗi ya gagare shi, kuma a farkon Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya kuɓuce masa ya koma hannun Frederick Ayers. A ƙarƙashin sabon mai shi ne aka fito da samfurin Eight-Five a shekarar 1953, mai buga inci 8 da 5, wanda ya fi kowane injin kamfanin karɓuwa a makarantu da ƙananan shaguna.

Abin da ya kawo ƙarshen cinikin bai fito daga wani mai ƙera irin wannan inji ba. Da farko ɗab'in ofset ya rage darajar haruffan dalma a manyan maɗaba'u, kamfanonin da ke zuba su suka yi ta rufewa. Sannan injin fotokwafi ya shigo ofisoshi, a shekarun 1980 kuma kwamfuta da firinta suka ba mai kanti damar tsara rasit ɗinsa ba tare da ya taɓa tawada ba. Buƙatar da Kelsey ya hango tana nan daram, amma an sami hanyar biyanta da ba ta bi ta kan kayansa. Da odar haruffa da tawada ta ja baya, sai ginshiƙin ribar ya karye. Kamfanin Kelsey ya daina aiki a farkon shekarun 1990. Adana kuwa ya koma hannun kamfanin Caslon, aka kuma dakatar da ƙera Eight-Five a shekarar 1999.

Tsofaffin injunan ba su tafi bola ba. Tun daga shekarun 2000 masu zane da masu buga katin aure a Amurka da Turai da Japan suka koma nemansu, saboda masu biki suna biyan kuɗi mai tsoka don katin da ake jin shatar harafi a jikinsa idan an shafa. Da yawansu ma ba sa jera haruffan dalma, sai su tsara rubutun a kwamfuta a mai da shi farantin roba mai tauri a ɗora a injin. Ganin yadda farashin na hannu ya tashi, kamfanin Caslon ya dawo da ƙera samfurin Adana da sunan 85C, fiye da shekara 15 bayan dakatar da shi.