Aikin siminti da hunturu: a rubuta magana kafin a kwaɓa

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Wani ya sayar da wake, wani ya kai rago kasuwar Bakin Birji, wani ɗansa ya aiko da kuɗi daga Agadas. Yanzu ne a Damargu ake tunanin gini: a yi daɓen ɗaki, a shafe bango, a zuba dakali. Daminar 2024 ta tsorata mutane. Gidajen ƙasa sun zube ko'ina, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi cikin watan Satumba. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta rage kuɗin siminti, sai mutane da yawa suka ce su ma za su gwada.

Wajen yawon duba gonaki na tarar da wata rigima a wani ƙauye kusa da Gangara. Mai gida ya ɗauki magini cikin watan Janairu, ya yi mashi daɓe da shafen bango. Ya biya shi duka ranar da ya gama. Kafin bazara daɓen ya tsattsage, yana fitar da gari in an share. Ruwan farko ya sauko, shafen ya ɓare ya faɗi. Mai gida ya ce magini ya sace siminti. Magini ya ce sanyin hunturu ne ya ɓata aiki, shi ba ruwansa. Suka kwana uku a ƙofar mai gari. Na tambaye su abu guda: wa ya shayar da simintin? Kowa ya dubi ɗan'uwansa. Ba wanda ya zuba mashi ko bido ɗaya.

Siminti sha yake yi

Ga abin da za ka riƙe. Tubalin ƙasa rana ke ba shi ƙarfi, sai ya bushe. Siminti ba haka yake ba. Ruwan da ke cikinsa shi ke mayar da shi dutse, sannu sannu. Yana son ya zauna da laima aƙalla kwana 7, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28. In ruwan ya gudu da wuri, aikin ya tsaya nan, ko da an sa buhu goma.

A Faransa, magina suna tsoron sanyi don ruwa yana daskarewa cikin kwaɓi ya fasa shi. Mu nan, daga Tanut har Balbeji, sanyinmu da wuya ya kai can. Iyakar abin da yake yi shi ne ya sa siminti ya yi jinkirin kamawa da dare. Maƙiyin gaskiya ita ce iskar hunturu. Ka ga yadda take fasa leɓe da diddige? Haka take tsotse ruwan daɓe cikin awa kaɗan. Saboda haka in magini ya ce maka sanyi ne, rabin gaskiya ya faɗa.

Maganin ba shi da wuya. Da an gama zubawa, a kare wurin da zana ta gefen da iska ke fitowa. Da ya kama, a rufe shi da tsofaffin buhuna ko tabarma, a jiƙa su safe da yamma. Daɓen ɗaki kuwa, a yi mashi ɗan shinge da yashi a bakin ƙofa, a bar ruwa ya kwanta a kai. Bango a yayyafa mashi tun washegari.

Na san abin da za ka ce: a Damargu ruwa ba abin wasa ba ne. Rijiyoyinmu suna da zurfi, wani ƙauyen sai an yi tafiya da jaki ko amalanke. Gaskiya ne, kuma nan ne tushen rigimar. Magini yana lissafin kwanakin da ya riƙe cokalin gini. Mai gida yana lissafin buhu da lada. Ruwan kwana bakwai ba ya cikin lissafin kowa. To ka sa shi cikin naka tun farko. In ba ka da halin cika tano biyu ka ajiye kafin a fara, ka rage girman aikin, ko ka dakata. Kuma ruwan ya zama wanda mutum zai iya sha. Ruwan kanwa ko na tabki mai laka yana raunana siminti.

Kayan aiki

Buhun siminti kilo 50 ne, na Malbaza ko wanda ya fito Najeriya. Ka sa hannu ciki. In akwai gudaji da ba su murƙushewa da yatsa, ya sha laima, kada ka saya. Rairayin tudu da iska ke tarawa ya yi laushi da yawa, yana cin siminti kuma yana tsagewa. Ka nemi yashin ƙorama mai kauri. Ka gwada shi: zuba cikin kwalba har santimita 10, ƙara ruwa, girgiza, ka bari ya kwana. In lakar da ta kwanta a sama ta kusa santimita 1, a wanke yashin ko a sake wuri.

Awon da aka saba: na ginshiƙi da kan ƙofa, buhu 1, baro 1 na yashi, baro 2 na tsakuwa. Na shafe, buhu 1 da baro 2 zuwa 3 na yashi. Ka tsaya da kanka ranar kwaɓi, ka ƙirga. Buhunan da aka zazzage ka ajiye su, shaida ce.

Shafen siminti a kan bangon ƙasa, ni dai ban cika so ba. Ƙasa tana kumbura da laima, tana motsi, siminti kuwa ba ya bin ta. Ruwa ya shiga ta baya, bango ya jiƙe a ɓoye, ba ka sani ba sai ya faɗi. In dole ne, a kafa ragar waya da ƙusa tukuna, a gyara indararo ya yi tsawo.

Takarda

Kai da ka fito ajin yaƙi da jahilci, ga ranar amfanin alƙalaminka. Kafin ka ba magini ko dala, ka je ka ga aikin da ya yi wanda ya sha damina biyu. Sannan ku zauna da shaidu biyu, ka rubuta da Hausa kamar haka:

"Ni wane na ɗauki wane ya yi mani daɓen ɗaki 2. Siminti buhu kaza, ni zan saya. Yashin ƙorama, ni zan kawo. Ruwa ni zan kawo, shi zai shayar safe da yamma har kwana 7. Lada jika 60: jika 20 ranar farawa, jika 30 bayan kwana 7 na shayarwa, jika 10 bayan ruwa uku na damina. In aiki ya lalace saboda hannunsa, shi zai gyara."

Kuɗin misali ne kawai, ku shirya naku. Kowa ya sa hannu ko yatsa, kowa ya riƙe tasa. Kada magini ya ji haushin abin da aka riƙe. Gwamnati ma in ta ba ɗan kwangila ginin lakwal, tana riƙe wani kashi na kuɗinsa har a ga yadda ginin ya zauna. Kuma takardar tana kare shi: in an rubuta kai za ka kawo ruwa, ba ka kawo ba, laifi ya koma kanka.

In ɓarna ta riga ta faru

Kada ka fara da zagi. Ku duba aikin tare, don tsaga tana faɗin mai laifi. Ƙananan tsagu kamar saƙar gizo a sama sama, iska ce da rashin shayarwa. In ka karce da ƙusa gari ya fito har ciki, ko siminti ya yi kaɗan, ko an cika ruwa wajen kwaɓi, ko ba a shayar ba. Ƙwanƙwasa shafe: in ya yi ƙara kamar ƙwarya, ya rabu da bango. In tsatsa ta fito jikin ginshiƙi, rodi ya yi kusa da waje, ba a rufe shi da kauri santimita 3 ba, wannan hannun magini ne. Babbar tsaga da ta taso daga ƙasa ta karkace, maganar tushe ce. Nan sai a tambaya: magini ne bai haƙa da zurfi ba, ko kai ne ka hana don tsimin kuɗi, ko ruwan indararonka ne ke kwanciya gindin bango?

In ba ku shirya ba, ku kira wani tsohon magini da ba shi da dangi cikinku, ya duba gaban mai gari. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane, kuma kuna iya roƙon a rubuta abin da aka shirya. Sai abin ya gagari mai gari da sarki ake tafiya kotu a Tanut.

Mutanen nan na wajen Gangara, a ƙarshe raba asara aka yi masu. Mai gida ya sake sayen siminti, magini ya sake aikin ba lada. Wannan karon yaran gidan ne suka riƙa ɗauko ruwa da jaki, kwana bakwai cur.