Zaɓen firint saba: abin da mai shagon buga takardu a Lambara ya kamata ya duba kafin ya biya kuɗi

A lokacin rajistar JAMB da fitowar sakamakon WAEC da NECO, shagon buga takardu a Lambara ko Bodinga ko Shagari yakan cika da ɗalibai, ga kuma masu neman a buga musu takardar NIN. Kwamfutoci uku ne a shagon, firinta ɗaya ce, sai a riƙa cire kebul ɗin USB daga wannan a soka a waccan, ko a riƙa yawo da filash mai ɗauke da bairos. Maganin wannan wahala shi ne firint saba, wani ɗan akwati da bai wuce girman sabulu ba. Ana haɗa shi da firinta ta gefe ɗaya, da rauta ta ɗaya gefen, sai kowace kwamfuta da ke kan rautar ta iya tura aiki. Ba ya buƙatar data, domin aikin bai fita daga cikin shago ba.

Sai dai ba akwatin ne ke yanke hukunci ba, firintar ce. Wanda ya fara da tambayar wane saba ya fi kyau, ya fara daga ƙarshe.

Firintocin lesa iri biyu ne. Akwai masu ƙwaƙwalwar kansu, waɗanda ke jin yaren bugu irin su PCL ko PostScript, kamar HP LaserJet 1320 da 4250. Waɗannan da wuya su ba da matsala, kusan kowane saba zai ɗauke su. Akwai kuma masu arha da ke jingina da kwamfuta, ita ce ke shirya shafin gaba ɗaya ta miƙa musu. HP LaserJet 1018 da 1020 da P1005 suna cikin wannan rukuni, haka ma Canon LBP2900 da ke amfani da nata tsarin mai suna CAPT. Su ne kuma suka fi yawa a ƙananan shaguna, saboda tawadarsu na da sauƙin samu da cikawa.

A nan matsalar wuta ke shigowa. HP 1020 da 'yan uwanta ba sa riƙe manhajar da ke tafiyar da su. Duk lokacin da aka kunna su, sai kwamfuta ta sake tura musu ita ta kebul ɗin USB. Ƙaramin saba bai san da wannan aiki ba. Abin da ke faruwa shi ne, mai sayarwa zai gwada firintar a kwamfuta, ya mayar da kebul ɗin kan saba ba tare da ya kashe ta ba, takarda ta fito, ciniki ya faɗa. An isa Lambara, an ɗauke wuta sau ɗaya ko an juya zuwa janareta, firinta ta yi shiru kamar ta mutu, alhali lafiyarta ƙalau. Saboda haka gwajin gaskiya shi ne a kashe firinta da saba daga soket, a sake kunnawa, sannan a tura aiki. In ya fito, to a biya.

Ga mai irin waɗannan firintoci, hanya mafi aminci ita ce a bar su a jikin kwamfuta ɗaya a raba ta cikin Windows, ko da yake dole wannan kwamfutar ta kasance a kunne kullum. Wanda ke da ɗan sani zai iya amfani da Raspberry Pi ko tsohuwar laftof mai Linux da manhajar CUPS, tare da direban foo2zjs wanda ke tura wa 1020 manhajarta da zarar ta farka. Canon LBP2900 kuwa tana da taurin kai ko a Linux ɗin, gara a bar ta da Windows.

Tsofaffin firintoci masu faffaɗan bakin nan na faralel suna da nasu saba, misali TP-Link TL-PS110P, yayin da TL-PS110U na USB ne. Kamfanin yana fitar da jerin firintocin da kowanne ke ɗauka, kuma duba sunan firinta a jerin bai kai minti biyar ba. Kafin ma a kai ga haka, a leƙa bayan firintar. Yawancin na hannu da ke shigowa daga Legas da Kano, waɗanda sunansu ya ƙare da harafin n kamar 1320n da P2035n, suna da bakin kebul na netwok a jikinsu. Ba sa buƙatar wani saba sam, kebul kawai za a ja zuwa rauta.

Sababbin firintoci masu Wi-Fi, irin Epson L3250, sabarsu a ciki take, kuma wayar Android ko iPhone na iya tura musu aiki kai tsaye. Wannan ya fi amfani yanzu, tunda yawancin kwastomomi a waya suke zuwa da takardunsu. L3110 kuwa USB kaɗai gare ta. In an ɗora ta kan ƙaramin saba bugu na iya tafiya, amma sikana da bayanin ragowar tawada galibi sun tafi ke nan. Ga shagon da ke sikanin takardun makaranta, wannan asara ce babba.

Wajen saitawa, a ba saba adireshin IP na dindindin. In an bar rauta tana rabawa yadda ta ga dama, bayan ɗauke wuta adireshin na iya canzawa, kwamfutoci su nemi firinta su rasa. A Windows ana ƙara ta ne ta hanyar TCP/IP, ko dai RAW a kan fot 9100, ko LPR a kan 515 tare da sunan layin da littafin sabar ya nuna. Saba mai kebul ya fi na Wi-Fi jurewa a shago mai kwano da ƙarafa. Shi da rauta ba sa cin wuta, ana iya barinsu a kan inbatar sola, amma firintar lesa tana jan ɗaruruwan wat lokacin da take zafafa takarda, ƙaramar inbata ba za ta ɗauke ta ba. A kuma ɗaga akwatin daga kan firinta inda zafi ke taruwa, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, a riƙa kaɗe masa ƙura da hunturu.