Darasi Ga Manoma: Yadda Jigo Da Kura Ke Rage Mana Wahala

A Garu da sauran ƙauyukan ƙasar Illela, da zarar damina ta wuce sai aikin ruwa ya taso: ban ruwan albasa a fadama, shayar da bisashe, da ɗibar ruwan gida. Da yawa cikinmu ciwon baya ya kama mu tun ba mu tsufa ba, saboda jan guga a sunkuye. Bari mu duba kayan aiki uku da muka saba da su, mu ga yadda za su ƙara taimakonmu.

1. Jigo

Mutanen Masar sun yi ban ruwa da jigo a bakin kogin Nilu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Doguwar sanda ce bisa gwafa, guga a gaba, curin laka ko dutse a baya. Ga ƙa'idarsa: in nauyi sau nisansa daga gwafa ya zo ɗaya a gaba da baya, sandar za ta tsaya daidai.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A ce gugarmu tana cin lita 15, sandar kuwa mita 4 ce, mita 3 a gaba, mita 1 a baya. 15 sau 3 ya ba mu 45. Wato curi mai kilo 45 zai riƙe cikakkiyar guga. Amma da curi irin wannan, sai mun sa ƙarfin kilo 15 kafin guga marar ruwa ta sauka. Ya fi kyau mu raba aikin biyu. In curin kilo 24 ne, ƙarfin kilo 8 ya isa saukar da guga, na kilo 7 ya isa hawo da ita. A ƙara laka kaɗan saboda nauyin ita kanta sandar.

Mu lura: curi ya sauka mita 1, guga ta hau mita 3. Don haka jigo na rijiyar fadama ne marar zurfi.

2. Kura

Rijiya mai zurfi sai kura. Kura ɗaya ba ta rage nauyin guga. Abin da take yi shi ne juya hanyar ja: maimakon mu sunkuya a bakin rijiya, sai mu tsaya nesa kaɗan mu ja ƙasa. Baya ya huta, yara kuma ba sa leƙa rami. Da ita ne makiyaya a Nijar ke sa jaki ko raƙumi jan wasaki. In muka ƙara kura ta biyu a jikin guga, nauyi ya ragu rabi, amma igiyar da za mu ja ta ninka biyu. Abin da muka rage a ƙarfi, mun biya shi a tsawo. A riƙa sa mata mai, gama tsatsa tana cin ƙarfin mutum a banza.

3. Amalanke

Amalanke ma jigo ne, ƙafafunsa su ne gwafa. In za mu kai buhunan albasa kasuwar Illela, mu jera su bisa ƙafafun, kaɗan su rinjaya gaba. In sun cika gaba, nauyi ya danne jaki ya ji masa ciwo a gadon baya. In sun cika baya, sai su ɗaga shi, ya kasa taka ƙasa sosai. A baro kuwa, kaya su matsa kusa da taya.

Aikin Gwaji

Mu sami sanda, dutse, da gwangwani biyu na yashi, ɗaya cike, ɗaya rabi. Mu ɗora sandar bisa dutsen, mu rataya su gefe da gefe.

(a) Wanne ne zai fi nisa da dutsen kafin su daidaita?
(b) Nisansa ya ninka na ɗayan sau nawa?
(c) Wace rijiya ce a unguwarmu ba ta da kura, kuma su wa za su haɗa kuɗin sayenta?