Baƙuwar Kaza: Darasi A Kan Kiwon Bayan Gida

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san da wuya a sami gidan da babu kaza. Ko a Jekadafari ne, ko Bolari, ko Herwagana, ko Pantami, ko Tudun Wada, in ka yi sallama a ƙofar gida, sau da yawa kaza ce za ta riga maigida leƙowa. Wasu kuma ba don ci ko sayarwa su ke kiwo ba, sha'awa ce kurum. Wannan ya tara tantabaru, wancan zomaye, wani kuwa ba shi da magana sai ta talo-talonsa. Masu irin wannan sha'awa sun san juna. Suna musanyar iri, suna ba juna aron zakara, in kuma aka yi wa ɗayansu canjin wurin aiki sai ya rarraba dabbobinsa ga abokai. To, a kan wannan rarrabawa na ke so mu yi nazari, domin a nan ne hasara ta kan shigo gida tana sanye da rigar alheri.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata shekara, cikin hunturu, wani abokin aikina zai tashi daga garin nan, ya aiko mini da jan zakara kyauta. Zakara ne ƙosasshe, mai sheƙi, babu alamar kome a jikinsa. A lokacin ina da kaji 17. Na yi godiya, na kwance masa ƙafa, na sake shi tsakar gida a ranar. Kwana biyar bayan haka sai na ga ya yi shiru a gindin bango, ya saki fiffike, yana gyangyaɗi. Kashegari kaji biyu suka bi sahunsa, suna zawo kore, suna buɗe baki da ƙyar su ke numfashi. Kafin mako biyu kaji uku suka rage mini, ɗaya ma wuyanta ya murɗe, tana ta kewaya wuri ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na maƙwabciyata, wata tsohuwa wadda da kuɗin ƙwai ta ke sayen gishiri da sabulu. Kajinta da nawa tare su ke tono a bola ɗaya, ko guda ba ta tsira da ita ba. Daga baya na ji ashe abokin nan nawa ya sayo wasu kaji a kasuwa don guzuri, sun kwana biyu akurki ɗaya da zakaran. Ban ga laifinsa ba. Laifin nawa ne, da na karanta abin a littafi amma na ji kunyar aikata shi.

Wannan cuta ita ce Turawa ke kira Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane ta a 1926, shekarar da kuma aka gan ta a tsibirin Jaba na Indunusiya. Ƙwayar da ke kawo ta irin ƙanƙanan nan ce da a ke kira bairos. Tana fita ta kashin kaza da majinarta, ta shiga ruwan kasko da tsaba, har takalmin mutum da kwandon ɗaukar kaji suna iya kai ta wani gida. Abin lura shi ne, daga ranar da kaza ta ɗauka zuwa ranar da za ta nuna, a kan sami kamar kwana 5 ko 6, wani lokaci har 15. Watau kaza tana iya zama lafiya lau a ido alhali kuwa mutuwa ta ke ɗauke da ita. A ƙasarmu ta fi tsanani da hunturu, lokacin da kuma a ke yawan kai kaji kasuwa da kawo su sabo da bukukuwan ƙarshen shekara.

Ba ita kaɗai ba ce. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, cikin Jihar Kaduna, shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin Afirka. A 2008 kuwa masu bincike suka sami ƙwayarta a jikin agwagwa a kasuwar tsuntsaye ta nan Gombe. Agwagwa tana iya riƙe ƙwayar ba ta kwanta ba, ita tana wanka a kwatami, kaji suna zubewa. Wannan mura ta fi Niyukasil haɗari, gama tana kama mutum, har ta kashe wata mata a Ikko a farkon 2007. Mai kiwo ba ya iya rarrabe cututtukan nan biyu da ido. Don haka in kaji suka fara mutuwa biyu-biyu, uku-uku, ba dabara ba ce a yi maza a yanka a raba wa maƙwabta, ko a kwasa a kai kasuwa a karyar. A gaya wa malamin dabbobi, a haƙa rami mai zurfi a binne matattun, a wanke hannu da sabulu.

Yanzu mene ne wajibin wanda aka ba dabba? Abu ne mai sauƙi, sai dai yana bukatar haƙuri. Kowace baƙuwar kaza, ko saye ce, ko kyauta, ko taka ce da ka kai kasuwa ba ta sayu ba ka komo da ita, a ware ta. A sami wani lungu nesa da akurki, a kife ta da babban kwando ko a yi mata ɗan keji, a ba ta kaskonta na ruwa dabam. Ta yi aƙalla mako biyu cur, in an kai uku ya fi. Da safe ka fara ba tsofaffin kajinka abinci, sa'an nan ka je wurin baƙuwa, kada ka juya tsarin. Ka riƙa duba idonta da hancinta da kashinta. Ka ɗaga fiffike ka duba ƙuma da ƙwarƙwata, ka duba ƙafa ko ta yi kirci. In kwanakin sun cika tana ci tana sha, to, a shigar da ita akurki da dare sa'ad da sauran suka kwanta, faɗan sabo ya kan yi sauƙi ta haka.

Na san abin da wani zai ce: mutum ya ba ka kyauta, ya zo gobe ya tarar ka kife ta da kwando kamar mai kuturta, ai ka ci masa fuska. Wannan kunyar ce ta kashe mini kaji 14. Gara ka gaya masa tun wurin karɓa cewa haka ka ke yi wa kowace baƙuwa, ko daga gidan ubanka ta fito.

Sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Bom, kusa da Jos, wadda ta ke can tun 1924, tana yin maganin rigakafin Niyukasil. Akwai wani iri da a ke kira I-2, wanda aka fara samarwa a Jami'ar Kwinsilan ta Ostareliya musamman domin kajin ƙauye, gama yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya a ke ɗiga wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, sabo da haka ya kamata maƙwabta su haɗa kuɗi su kira malamin dabbobi ya yi wa na unguwa duka rana ɗaya, tun kaka, kafin sanyi ya sauka. Amma fa rigakafi sai mai lafiya, kuma sai ya yi mako ɗaya ko biyu kafin ya kama jiki. Kafson nan ja da rawaya da a ke farkewa a zuba a ruwan kaji ba ya kashe bairos, haka kuma barkono da saƙesakin maɗaci. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma tana da sauran kwana.

Shi kuma mai bayarwa akwai abin da ke wuyansa. Na farko gaskiya: in an yi mutuwar kaji a gidanka cikin watan, ka faɗa, ko ma ka fasa kyautar. Na biyu ka dubi gidan da dabbar za ta. Mutumin da ke zaune a ɗaki ɗaya gidan haya, kada ka ɗora masa agwagi, sai ka haɗa shi faɗa da mutanen gida a kan ruwa da ƙazanta. Zomanya tana haihuwa bayan kwana 31 ko kusa da haka, wanda ka ba biyu don yaransa su yi wasa, kafin shekara ya rasa inda zai sa ƙafa, ga neman ganye a tsakiyar bazarar Gombe. Tantabara kuwa in ba a kulle ta makonni a sabon gida ba, za ta komo inda ta saba, ka ga an fara zargin juna a banza. Kaza mai kwanci kada a ɗauke ta daga kan ƙwanta, kwana 21 ne kawai, a jira ta ƙyanƙyashe. In ƙwan zabi aka sa mata sai an kai kamar 28, na agwagwar gida kuwa 35.

Akwai kuma tsohuwar al'adarmu ta ba da kiwo, watau ka ba mutum sagara ya riƙe, in ta ƙyanƙyashe ku raba 'yan tsaki. Al'ada ce mai kyau, da yawa cikin matan garin nan da ita suka fara, daga kaza suka kai ga akuya. Inda ta ke ɓaci shi ne rashin yanke magana tun farko. Wa zai sayi dusa? In shirwa ta ɗauki 'yan tsaki, ko muzuru ya shiga akurki, hasarar wa ke nan? Yaushe uwar za ta koma? A faɗi waɗannan a gaban mutum na uku, ko da tsakanin wa da ƙane ne.

Ku ɗalibai da za ku fita koyarwa, wannan darasi ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Kaji biyar da zakara ɗaya a bayan aji sun isa. Yara su riƙe littafin da za su rubuta ranar da kowace kaza ta zo, da inda ta fito, da ranar da aka ɗiga mata magani, da yawan ƙwan da ta saka. Kazar gida ta kan saka 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, a ciki akwai lissafi, akwai kimiyya, akwai rubutu. Wuyar abin tana zuwa ne ranar da aka ba da hutu, gama a nan ne malami ya kan raba wa yara kajin su tafi da su gida. In suka komo, kowace ta yi makonni tana tono da kajin wata unguwa, wannan daga Bolari, waccan daga Pantami. Kada a haɗa su a ranar. Tun kafin hutu a tanadi kwanduna shida, kowace da nata, da kaskonta, a rubuta ranar komowarta a allo, yara su riƙa ƙirga kwanakin da kansu.